Kafin Ka Sayi Injin Aiki, Daina Tambayar Wanda Ya Fi Ƙarfi

Duk wanda ya leƙa layin masu kayan aiki a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko Panteka a Kaduna, zai ga yadda injinan hannu suka cika shaguna: dirila ta huda bango, giranda ta yanka ƙarfe, bindigar kwance notin taya, famfon wanke mota da ɗan injin hura iska. Da can kayan kafinta ne da mai walda da bakanike. Yanzu magidanci ma yana saye ya ajiye, domin kuɗin aikin hannu ya hau, kuma ba kowace 'yar matsala ce za a kira wa mai gyara ba. Dabara ce mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar da mai saye ke fara yi: “Wanne ya fi ƙarfi?” Mai shago ya san abin da ake son ji, sai ya miƙo wanda lambar jikinsa ta fi girma. A ganina wannan tambayar ce tushen asara da raunuka da dama, saboda ƙarfi shi ne abin da aka fi yin ƙarya a kansa, idan kuma ya zama na gaske, shi ne ya fi saurin ɓarna a hannun wanda bai saba ba.

Mu fara da ƙaryar. Batirin injin hannu ba abin sirri ba ne. Ƙananan batura ne na litiyam ake jerawa a cikin kwanson roba, kowanne yana ba da kimanin 3.6V, idan ya cika maƙil ya kai 4V ko ya ɗara kaɗan. Guda 5 a jere su ne 18V, kuma su ɗin dai ne wasu kamfanoni ke rubuta wa 20V, don sun auna su ne da zarar an cire daga caji. Ke nan mai 18 da mai 20 Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kada a karɓi ƙarin kuɗinka da sunan ɗaya ya fi. To ina ga ɗan injin da ba shi da nauyin kirki amma an rangaɗa masa 88V ko 128V a jiki? Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirinsa, don kafin a samu 88V sai an jera batura sama da 20, kuma ba za su shiga kwanson da tafin hannu ke riƙewa ba. Kamfanin da ya yi ƙarya a rubutun da kowa ke gani, me zai hana shi ha'inci a wayar da ke cikin inji? Lambar da ta fi amfani ita ce mai Ah a gabanta, wadda ke nuna yawan cajin da batir ke ɗauka: 2Ah ya isa ƙananan ayyukan gida, 4 ko 5 na mai doguwar hidima ne. A sani kuma batirin wani kamfani ba kasafai yake shiga injin wani ba, don haka injin farko da ka saya ya riga ya ɗaure ka da gidan da ya fito. Zafi ma makashin batir ne; barinsa a but ɗin mota cikin ranar Afrilu yana rage masa kwana.

Ko da lambar gaskiya ce, sai ta dace da wutar da ke gidanka. Wutar Nijeriya 230V ce, ta Nijar ma kusan haka. Amurka da Kanada 120V suke amfani da ita, Japan kuma 100V. Har a Ingila, inda wutar gida irin tamu ce, ma'aikatan gine-gine suna aiki da injina masu 110V, waɗanda ake ganewa da ƙaton filoginsu ruwan ɗorawa. Duk waɗannan suna shigowa cikin kayan gwanjo, masu kyau da sunan babban kamfani, sai wani ya yanke filogin ya sa namu. Ana jonawa inji zai yi kuka fiye da kima, ya yi wari, kwayil ya ƙone. Cajar batir ma haka, da yawa daga cikin na Amurka 120V kaɗai suke karɓa. Wanda ya ga irin wannan ya so shi, to ya haɗa da tiransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin, ya lissafa kuɗinta cikin ciniki, sannan ya ga ko arahar tana nan. Sai batun janareta. Ƙaramin nan da ke yawancin gidaje bai kai wat 1,000 ba, babbar giranda kuwa takan ci wat 2,000 ko fiye, kuma duk inji yana jan wuta fiye da haka a lokacin tashi. Mai irin wannan janareta da ya sayi babban inji ya sayi ado ne kawai. Dirila mai wat 600 zuwa 750, mai maɓallin duka don bulon siminti, ta ishi kusan duk abin da ake buƙata a gida.

A kan giranda ya kamata a fi tsayawa, domin ita ce ke raba mutane da yatsu da idanu. Ƙaramarta, mai faifan milimita 115, tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Kowane faifai yana da iyakar gudun da zai iya ɗauka, kuma an rubuta a jikinsa: na milimita 115 yana jure sama da 13,000, na 180 kimanin 8,500, na 230 kuwa 6,600 ne. A iyakar gudunsa, bakin faifan yana tafiyar mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 290 a awa. Yanzu a dubi abin da ake yi a bakin titi. Mutum yana son yanka mai zurfi, sai ya kwance murfin kariyar, ya ɗaura babban faifai a ƙaramar giranda. Ya yi kuskure biyu a lokaci ɗaya: ya tilasta wa faifai gudun da ya wuce iyakarsa, ya kuma cire abin da zai tare ɓaraguzan idan ya tarwatse. Mafi muni shi ne ɗaura zarton katako mai haƙora, wanda da ya ci karo da ƙusa ko gaɓar itace sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Mutane ƙalilan ne kuma suka san faifan yanka yana tsufa. Ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa, shi ya sa masu inganci ke buga wata da shekarar ƙarewarsa a zoben ƙarfen tsakiya, yawanci shekara 3 daga ƙira. Ga tartsatsi, a gidajen da jarkar man janareta ke ajiye a lungun gareji. Ga hannun riga mai faɗi, wanda inji ke naɗewa kafin mutum ya kai ga makunni.

A ɓangaren mota ma ƙarfin ne ke yaudara. Notin tayar Toyota Corolla ana ɗaure shi ne a ma'aunin 103 Nm, yawancin ƙananan motoci kuma suna tsakanin 100 da 140. Bindigar noti tana iya ba da ninkin wannan sau uku ko fiye. Wajen kwancewa alheri ce, wajen ɗaurewa kuwa tana miƙar da ƙusar har ta yi rauni, tana cinye zaren, wani lokaci ta jawo burki ya riƙa karkarwa. Ranar da taya ta yi faci a daji, sifanar mota ba za ta motsa notin ba ko da an hau ta da ƙafa. Abin da mai mota ke buƙata kafin bindiga shi ne sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan an kai ɗaurin da littafin motar ya faɗa. Ita ba ta cin wuta, kuma ta fi araha. Haka iskar taya: adadin da ya dace yana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, wanda ke gefen taya iyaka ce da ba a so a wuce. Famfon wanki mai matsanancin ƙarfi yana tura ruwa cikin mahaɗan wayoyin inji, ya kuma ɓare fenti idan aka kusanto da bakinsa. Jek kuma na ɗagawa ne kawai. Ba a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe, kuma bulo ba ya maye gurbinsu, don yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba.

Za a ce ai masu walda da bakanikai kullum haka suke aiki, ba murfi ba tabarau, kuma ga su nan. Gaskiya ne da yawansu suna tsira, amma hannun da ya shekara goma yana riƙe giranda ya san lokacin da faifai zai maƙale, kuma duk da haka tabon da ke hannayensu shaida ne. Magidancin da ke ɗauko injin sau uku a shekara ba shi da wannan sabon, shi ya sa ya fi su buƙatar kariya. Za a kuma ce Bosch da Makita da DeWalt sun fi ƙarfin aljihun talaka. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ba na cewa kowa ya sayi na tsada. Mai huda bango jefi-jefi ba ya buƙatar injin ɗan kwangila. Akwai masu matsakaicin farashi irin su Ingco da Total da suka wadata a kasuwanninmu. Abin gudu shi ne jabu mai ɗauke da babban suna a farashin banza, domin matsakaici na gaskiya ya fi shi nesa ba kusa ba. Masu cewa babba zai yi aikin ƙarami su tuna babban inji ya fi nauyi, ya fi wuyar sarrafawa, kuma idan ya fizge ba wuyan hannun kowa ke tare shi ba.

Idan ka je shago, juya injin ka karanta farantin jikinsa da kanka: 220 zuwa 240V, yawan wat, gudun juyawa. Nemi alamar murabba'i a cikin murabba'i, wadda ke nuna an yi wa injin rufi biyu daga wuta. Idan babu ita, dole filoginsa ya zama mai wayar ƙasa. Sa a kunna a gabanka, ka saurari kukansa, ka leƙa ko tartsatsi ya yi yawa ta ramukan iska. Tambayi ko ana samun kabon da amaca ɗinsa a kasuwa, don su ne ke fara ƙarewa. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, domin ko za ka kai ƙorafin kayan jabu ga hukumar kula da ingancin kaya ta SON, da shi za a fara tambayarka. Kuma don Allah, kada ka bar shagon sai ka haɗa da tabarau na kariya da abin toshe kunne, ko da hakan zai sa ka koma kan ƙaramin inji.