Digiri A Cikin Waya: Yadda Jami'ar NOUN Ke Koyar Da Ɗalibai Ta Intanet

A shekarar 2022, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya rufe yawancin jami'o'in gwamnati a Najeriya na tsawon wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, sun ci gaba da karatunsu, domin jami'ar ba ta shiga yajin aikin ba, kuma mafi yawan darasinta a intanet yake.

Jami'ar ba sabuwa ba ce. An kafa ta a 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Shi kansa daga baya ya zama ɗalibinta, har ya samu digirin digirgir. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu a jihohin ƙasar, har da wasu gidajen gyaran hali irin su Kirikiri a Legas.

Yadda tsarin yake

Ɗalibi yana yin rajista da biyan kuɗi ta shafin jami'ar. Littattafan kwasa-kwasai suna nan a matsayin PDF, ana sauke su a waya ko kwamfuta a karanta ko da babu data. Ana kuma gabatar da darussa kai-tsaye ta bidiyo. Sai aikin gwaji da ake kira TMA, wanda ake amsawa a intanet, shi ke ɗauke da maki 30 cikin 100. Sauran 70 na jarrabawa ne, ita kuwa galibi sai ɗalibi ya je cibiya da kansa.

Wannan tsari ya fi amfanar ma'aikaci da ba zai iya barin aikinsa ba, da matar aure mai renon yara, da ɗan kasuwa da ke zaune a shago tun safe.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar farko kuɗin data ne, musamman bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025. Darasin bidiyo na cin data sosai fiye da sauke littafi. Ga rashin wutar lantarki, ga raunin sabis a ƙauyuka. Karanta littafi mai ɗaruruwan shafuka a ƙaramin allo ma na gajiyar da ido.

Shi ya sa ake ba ɗalibai shawarar sauke littattafai da tsakar dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data da araha, a rage ingancin bidiyo zuwa 360p, a tanadi power bank, sannan a gama TMA da wuri kafin cunkoson ranar ƙarshe.

NOUN ba ita kaɗai ba ce a fagen. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, haka nan Miva Open University mai zaman kanta ta samu lasisi a 2023. Kafin biyan ko kwabo, ya kamata mai neman gurbi ya duba shafin hukumar NUC ya tabbatar an amince da makarantar da kuma kwas ɗin. Takardar shaidar da hukuma ba ta san da ita ba, asarar kuɗi ce da shekaru.