Ƙarin Jini: Inda Haɗarin Yake da Gaske

Duk lokacin da saƙon murya ya zagaya WhatsApp cewa wata ta kamu da ƙanjamau bayan an yi mata ƙarin jini, sai ka ji magidanta suna cewa gara a ɗebi na ƙanensu, wai jinin gida ba ya ɗauke da cuta. Wannan tunani ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu garau suke, ba su ma sani ba. Ƙwayar cuta ba ta san zumunci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kowace ledar jini a kan abu huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere. Sai dai gwajin ma yana da iyaka. Wanda ya shuka gero jiya, in ka leƙa gonarsa yau ba za ka ga tsiro ba, amma irin yana ƙasa. Haka ƙanjamau yake: tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini na iya cewa "babu" har kwana 90 bayan kamuwa, yayin da na'urar da ke farautar ƙwayar kanta kan gano ta cikin kwana 10 zuwa 33.

Shi ya sa ake yi wa mai bayarwa tambayoyi kafin a soka allura. Matashin da ke raɓe a ƙofar asibiti yana jiran mai sayen leda ba zai faɗi gaskiyar da za ta hana shi kuɗin cefane ba. Ɗan'uwa kuma kunyar dangi kan rufe masa baki.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta: wani rahoton bincike na 2024 ya ce sama da mutum 30,000 ne gurɓataccen jini da magungunan da aka haɗa da shi suka sa wa cuta. Mu kuwa tun 2021 muke da dokar kafa hukumar jini ta ƙasa, amma har yau cikin dare dangin mai naƙuda da iyayen mai sikila ke yawon neman leda.

Kada tsoro ya sa ka hana mai zubar jini ƙari, don jinkirin ya fi saurin kisa. Ka tambayi inda aka samo jinin da irin gwajin da aka yi masa. In kuma kana da lafiya, je ka bayar kyauta tun ba a nema ba.