Lambun Gida a Avotrou: Yadda Mai Farawa Zai Yi Shuka Inda Ruwa Ke Kwanciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk magidancin da ke ba da kuɗin cefane a Kwatano ya san akwai watannin da kayan miya ke gagarar talaka. Tumatirin kudu ya yanke, sai wanda manyan motoci suka ɗauko daga arewa ko daga Burkina Faso. Albasa kuwa sai ta sauko daga Malanville ko Galmi ta Nijar kafin ta iso kasuwa, kuma kowane kuɗin mota da shingen hanya a kan mai saye yake ƙarewa. Lambun gida ba zai raba mutum da kasuwa ba, kada a yaudari kowa. Amma gidan da ke tsinkar ganyen miya a tsakar gidansa sau uku a mako ya rage wani abu, kuma ya san da wane ruwa aka shayar da abin da 'ya'yansa ke ci.

Akwai kuma lada. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda ma'anarsa ke nuna cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci a ciki, ana rubuta masa ladan sadaka. A ruwayar Muslim daga Jabir har abin da aka sata an ambata. Wanda akuyar maƙwabci ta yi wa ɓarna sai ya tuna da wannan kafin ya ɗaga murya.

Babban abin da ke kayar da mai farawa a nan shi ne ya yi noman Kano ko na Maraɗi a ƙasar Kwatano. Iyayenmu da suka zo daga can sun saba da damina guda da rani mai tsawo, inda damuwar mai lambu ita ce ina zai samo ruwa. A nan damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi tsanani a watan Yuni, da ƙarama daga wajen ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,300. Garin kuma yana zaune ne a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokwe, unguwarmu ta Avotrou tana ɓangaren da ke kusa da tafkin. Saboda haka ruwa iri biyu ke shigo mana: na sama a watan Yuni, da na kogin Weme da ke gangarowa daga arewa ya cika tafkin a Satumba da Oktoba, ko da a nan ba a yi wani ruwan kirki ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 ba su bukatar a yi musu bayani.

Saiwar shuka tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta a kanta kwana biyu ko uku sai ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe, mai shuka kuma ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa. Ga kuma ruwan da ke kwanciya a lungunanmu ba mai tsabta ba ne, ya gauraya da na kwata da na masai. Rairayin kansa ba ya riƙe taki. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya wanke shi. To mafita ita ce a ɗaga lambun daga ƙasa tun ranar farko.

Buhun shinkafa, wanda ba ya wuya a garin da ke da tashar jiragen ruwa irin tamu, ya isa. Haka tsohon bokiti, da bahon da ya tsage, da jarkar man girki mai lita 25 da aka yanka gida biyu. Banda jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ɗin bakin titi, ko fenti, ko maganin ƙwari, komai wankin da aka yi mata. A huda gindin mazubin huji biyar ko shida, a zuba 'yan tsakuwa ko fasassun bulo a ƙasa, sannan a ɗora shi a kan bulo ko benci. Tsawon da za a ɗaga shi ba sai an tambayi kowa ba: a duba shatar da ruwan bara ya bari a jikin katanga, a wuce ta. Ganyen miya zurfin taƙi ɗaya da rabi ya ishe shi. Kuɓewa da gauta da barkono suna son kusan kamu guda. Wani amfanin buhu shi ne yawancinmu a gidan haya muke. Ranar da aka tashi, da lambun za a tashi.

A sa shi inda rana ke samu aƙalla awa shida. Lambun da aka ɓoye a bayan ɗaki don kada a gani, dogayen karare marasa ƙarfi zai yi.

Abin da za a zuba cikin buhun shi ne rabin aikin. Rairayi zalla ba ya yi, taɓon kwata kuma haɗari ne, don ba a san abin da ya kwasa ba. A nemi baƙar ƙasa wajen masu sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titi, a haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da kashi ɗaya na rairayi. Kalmar da za a riƙe ita ce "ruɓaɓɓe". Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A tara shi a tsohuwar ganga ko buhu tare da ɓawon ayaba da na doya da na rogo, da busasshen ganye, da ɗan toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa kowane mako, a kare shi daga ruwan sama. A zafin garin nan wata biyu ya isa ya koma baƙi, warin ya tafi. Kada a sa nama ko kifi ko mai, ɓeraye za a gayyato. Ɗalibai sukan tambaya ko taɓa taki na ɓata tufafin salla. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta, kamar kaza da tunkiya da saniya, mai tsarki ne matuƙar ba najasa take ci ba. Na ɗan Adam najasa ne, kuma ba shi da gurbi a lambun gida.

Me za a fara shukawa? Kusan kowa tumatir yake fara ambata, ni kuwa shi nake cewa a bari sai daga baya. A laimar kudancin Benin tumatir na fama da ciwon da ke sa shi ya yi yaushi farat ɗaya yana kore shar, da wasu tsutsotsi da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, waɗanda suka fi son ƙasa mai rairayi. Mai farawa ya yi wata biyu yana wahala ya tashi a tutar babu, daga nan ya ce noma ba nasa ba ne.

A fara da alayyafo, wanda maƙwabtanmu Fon ke kira fotete. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da rairayi a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Cikin mako uku zuwa huɗu an fara ci. Idan aka yanka shi aka bar kamar faɗin tafin hannu, zai sake tohowa. Lalo, wanda a kasuwa ake ce wa krenkren, yana da taurin ɓawo. A ƙulle irin a ƙyalle a tsoma cikin ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, kamar a ƙirga goma, a shanya ya sha iska sannan a shuka, in ba haka ba fitowarsa ɗaya-ɗaya ce. Gboma, ganyen gautan nan da ba a rasa shi a miyar garin nan, ana fara renonsa a ƙaramin mazubi mako uku ko huɗu sannan a dasa, kuma ana daɗewa ana yankansa. Daddoya da shuwaka reshe kawai ake karyowa a soka. Kuɓewa ƙwaya uku a rami, in sun fito a bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya. Wanda ke kewar miyar gida ya sa yakuwa da rama, suna yi. Latas da karas da kabeji a jira sanyin hunturu, Disamba da Janairu.

Buhu biyar sun isa farawa, kuma kada a shuka su rana ɗaya. A sa tazarar mako biyu tsakanin buhun alayyafo da na biye da shi, don kada ganye ya zo gaba ɗaya a rasa yadda za a yi da shi, sannan a zauna wata guda babu.

Wanda ke son ganin aikin da idonsa ya je Houéyiho, kusa da filin jirgin sama, inda masu lambu ke aiki a kan rairayi tun 1972, ya tsaya ya kalli yadda suke ɗaga kunya da yadda suke dashe da yamma. A Porto-Novo kuma akwai cibiyar Songhaï, wadda wani limamin Kirista, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985, inda sharar wani sashe ke zama takin wani. Ilimin noma ba shi da ƙabila. A je a koya.

Batun ruwa yana da nasa tarko. Rijiyoyin unguwa ba su da zurfi, wasu na da ɗanɗanon gishiri, musamman da rani, lokacin da ruwan teku ke shigowa tafkin. Idan bakin ganye ya fara ƙonewa, farin abu kuma ya fito a saman ƙasar buhu, gishiri ne. Wasu rijiyoyin kuma suna dab da masai. Irin wannan ruwa kada a watsa shi a kan ganyen da za a ci ɗanye. Mafi kyau ruwan sama da aka tara daga indararo, bayan an bar na farko ya wanke rufi. A rufe gangar ruf, domin buɗaɗɗen ruwa gidan sauro ne, kuma ba hikima ba ce a rage kuɗin cefane a ƙara na maganin zazzaɓi. A shayar da sassafe bayan Asuba, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin a ƙara, a soka yatsa. In da danshi a bari.

A nan ina da kira ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya. Ruwan alwala mai tsarki ne, ba sabulu a cikinsa, kuma sau biyar a rana yana malala cikin kwata. Da za a raba magudanarsa da ta bayi, a karkata shi zuwa gindin ayaba biyu da 'yan buhunan ganye, a ɗora wa kowane aji kula da nasa, da yara sun koyi sana'a, limami da ladan kuma sun samu na miya.

Ƙwari za su zo. A duba bayan ganye kowace safiya a tsince tsutsa da hannu. Katantanwa da daddare take fita. Ganyen darbejiya ko 'ya'yanta, a daka a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma sau ɗaya a mako. Ƙadangaru da kaji suna son ɗanyen tsiro, sai a rufe da tsohon gidan sauron da ya yage, a wanke shi sosai a ɗaga shi a kan sanduna. Ba wanda yara ke kwana ciki ba. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne maganin da ake sayarwa a kwalba ba suna, da maganin auduga. Ba a yi shi don abinci ba, kuma a yankin Borgou an yi asarar rayuka a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000 sakamakon irin wannan guba. Ganye mai 'yan huji ya fi wanda aka wanke da ita.

'Ya'yan itace suna son haƙuri da izini. Gwanda ta fi sauri, ƙasa da shekara ta fara bayarwa, amma ba abin da ke kashe ta kamar kwantaccen ruwa, sai a tara mata tudun ƙasa ko rabin ganga. A shuka uku, domin akwai namiji da ba ya 'ya'ya, sai sun yi fure ake gane shi a cire. Zogale a sare kansa in ya kai ƙugu don ya yi rassa. Lemun tsami da gwaiba a sayi dashe mai aure, wanda ke bayarwa cikin shekara biyu zuwa uku. Mangwaro ba na ƙaramin tsakar gida ba ne. Saiwarsa da inuwarsa za su kai ga katangar wani. Kafin a dasa kowace bishiya a gidan haya a nemi yardar mai gida, a kuma shawarci waɗanda ake zaune tare, kada ruwan buhu ya riƙa bin ƙofar maƙwabci, domin shari'a ta hana cutarwa. Idan Layya ta gabato, raguna suka cika gida, a kewaye lambun tun kafin su iso.

Saura tambayar zakka. A wajen Malikiyya da Shafi'iyya babu zakka a ganyaye da kayan marmari irin waɗannan. Tana kan abincin da ake ajiyewa, kamar hatsi da dabino, idan ya kai wusƙi biyar. Imam Abu Hanifa yana ganin a fitar daga duk abin da ƙasa ta tsirar, kaɗan ko mai yawa. Wanda lambunsa ya bunƙasa har ya fara sayarwa, kuɗin da ya tara suna shiga lissafin zakkar dukiya idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Wallahu a'alam.