Yadda ake cire karyayyen sukuru daga jikin jita ba tare da an yi asara ba

Daga Bimbilla

A cikin kayan gwanjo da 'yan kasuwarmu ke saro wa daga Tema da Lome, akan samu jita, wadda masu kiɗan biki da majami'u da matasa ke nema a Bimbilla da Salaga da Yendi, har zuwa Bawku da kasuwar Sinkase ta kan iyakar Togo da Burkina Faso. Sai dai sau da yawa mai kaya ba ya ganin aibin da ke jikinta sai ya iso gida, ya tarar wani ɗan sukuru ya karye, kansa ya fita, jikinsa ya maƙale a cikin katako. A nan ne ake yin asara, domin karayar ƙaramar matsala ce, amma hanyar da wasu ke bi wajen cire shi ita ke karya darajar kayan.

Dalilin da ya sa abin ke ba masu gyaranmu wuya shi ne kayan kiɗan da muka gada ba su san sukuru ba. Molo da garaya da goge, da kologo na Frafra wanda King Ayisoba ya yi suna da shi, duk ƙwarya ce ko itace da fata da tsirkiya. Ita kuwa jita mai lantarki, tun daga 1950 da kamfanin Fender na Amurka ya fito da samfurin da ake haɗa wuyansa da gangar jiki da sukuru 4, kusan komai nata sukuru ne ke riƙe da shi. Na wuya kaurinsa ya kai milimita 4, tsawonsa wajen milimita 44, yayin da na maɗaurin tsirkiya bai wuce milimita 2 ba, kuma shi ya fi saurin karyewa saboda katakon wurin yana da tauri.

Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Da damina katako yakan sha danshi ya kumbura ya matse ƙarfe, gumin hannu kuma ya haɗu da danshin ya kawo tsatsa. Idan hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu sai katakon ya bushe ya tsuke, wasu sukurori su saki, mai jita ya ɗauko sukundireba ya ƙara ɗaurewa da ƙarfi, wanda tsatsa ta riga ta ci sai ya tsinke.

To, idan haka ta faru, abu na farko shi ne a sassauta tsirkiyoyi gaba ɗaya, musamman idan sukurun na wuya ne, domin tsirkiya 6 na jita mai lantarki suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 40. Sannan a rufe kewayen wurin da takarda mai kauri don kada fenti ya karce.

Idan guntun ya leƙo waje ko da kaɗan ne, a kama shi da filaya mai kulle, a juya hagu a hankali. Idan ya ƙi motsi, a je wurin mai gyaran rediyo ya ɗora bakin ƙarfensa na narka dalma a kan guntun na ɗan lokaci, a bari ya huce, a sake gwadawa. Zafin yakan saki tsatsa da gam. Kada a zuba man inji ko kananzir, domin katako zai shanye shi ya ɓata fenti, kuma gam ba zai ƙara kama wurin ba.

Idan kan sukurun bai fita ba, bakinsa ne kawai ya cinye, a yanka masa sabon tsagi da siririn magagari, a sa sukundireba mai faffaɗan baki wanda ya cika tsagin daidai, a danna sosai kafin a juya.

Mai wuyar shi ne wanda ya karye daidai da fuskar katako ko ya nutse ciki. Akwai bakin injin huda mai juyawa hagu, wanda yakan ciji ƙarfen ya fito da shi, amma a kan siririn sukuru yakan zame ya faɗa katako, ko shi ma ya karye a ciki, alhali ya fi sukurun tauri. Dabarar da ta fi aminci ita ce ta bututu. A samo guntun eriyar tsohuwar rediyo wanda raminsa ya ɗan fi sukurun faɗi, a fiƙe masa haƙora a baki da magagari kamar na zarto, a ɗaura shi a injin huda, a zura shi a kan guntun. Zai yanke katakon da ke kewaye ya fito da sukurun tare da ɗan ɓawonsa. A riƙa tsayawa ana share gari, a kuma yi alama a jikin bututun don kada ya ɓulla ta ɗaya gefen.

Daga nan kafinta ya feƙe ɗan guntun katako mai tauri, kamar maɗaci, daidai da ramin, ya shafa farin gam na kafintoci, ya cusa, a bar shi kwana guda. Washegari a daidaita fuskar, a fara huda siririn rami tukuna, a goga wa sabon sukuru kyandir, sannan a ɗaura da hannu, ban da inji. Da zarar ya zauna a tsaya.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne buga ƙusa a gefen guntun, ko haƙa da wuƙa, ko cusa sukurun da ya fi na asali kauri. Duk waɗannan suna tsaga katako, kuma tsagar da ta shiga wuya gyaranta ya ninka na sukuru sau da yawa, wani lokaci ma jitar ba ta ƙara riƙe sauti. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ga mai saro kaya, yana da kyau ya tafi da ƙaramin sukundireba a aljihu. Ya ƙirga sukurorin wuya da na maɗaurin tsirkiya da na maratayin igiya, ya ɗan taɓa kowanne. Wanda ke juyawa ba ya tsayawa, ko dai raminsa ya cinye, wanda tsinken sakace da gam ke gyarawa, ko kuma an manna kan ne kawai don ɓoye karaya. Idan ya gano haka kafin ya biya, yana da hujjar neman ragi.

Haka kuma idan ya gyara ya kai kasuwa, ya gaya wa mai saye inda aka taɓa. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, kuma masu kiɗa daga Salaga zuwa Bawku suna haɗuwa a wuraren biki, labarin wanda aka cuta ba ya kwana. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.