Kifi da Ruwan Kwakwa: Abincin Dare Cikin Rabin Awa

Malamin da aka tura ƙauye ya kan tashi daga makaranta a gajiye, ga littattafan yara na jiran gyara, ga shirin darasin gobe. Saboda haka da yawa su kan jiƙa gari su sha su kwanta. Wannan kuwa ba ya riƙe jiki. Ga wata dahuwa irin ta mutanen bakin teku, wajen Badagiri inda kwakwa ta yi yawa, wadda ba ta wuce rabin awa.

Me ya sa kifi? Domin abinci ne mai gina jiki, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsokarsa abin gina jiki ne. Kuma ba shi da jijiya mai tauri kamar naman sa, shi ya sa ya kan nuna da wuri. Yankan da kaurinsa ya kai inci 1 minti 10 ya ishe shi.

Da fari sai a zaɓi kifi sabo, karfasa ko tarwaɗa. A duba idonsa ya zama garau, a ɗaga murfin da ke gefen kansa a ga cikin ja ne, a danna jikinsa da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, a bar shi. Karfasa sai a kankare ɓawonta, tarwaɗa kuwa a zuba mata ruwan zafi yauƙin ya fita. A yanka gunduwa huɗu, a shafa gishiri kaɗan da ruwan lemun tsami.

Sa'an nan a goge rabin kwakwa, a zuba mata ruwan ɗumi kofi 2, a matse a tace. Farin ruwan nan shi ne romon. Yana da maiƙo sosai, don haka ba sai an ƙara man gyaɗa ko manja ba. A ɗora shi a wuta tare da albasa 1, tumatir 3, attarugu 1 da ɗan citta, duk a yanke. In ya yi minti 10 yana tafasa a hankali, sai a jera kifin a ciki, a rufe, a rage wuta. Kada a juya da ludayi, kifin zai farfashe. A riƙa girgiza tukunyar kawai. Ana kusa da saukewa a zuba alayyafo. In tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙaya, ta nuna.

Sauran lemun tsamin sai an sauke tukunya a matsa shi, gama zafi ya kan lalata bitamin C da ke cikinsa. A ci da dafaffiyar doya, ko ayabar dafuwa, ko shinkafa, wadda aka ɗora tun da fari.

Kada a manta da yara. A 1933 Likita Cicely Williams ta bayyana ciwon kwashiyoko a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ta gan shi ga yaran da aka yaye da kunun masara kaɗai. To, a cire ƙaya a ba yaro rabonsa na tsoka, ba romo kawai ba. Malamin da ya iya wannan a gidansa, shi zai iya koya wa almajiransa da iyayensu.