Daga Aikin Al'umma Zuwa Majalisa: Hanyar da Saudatu Sani ta Lere Ta Bi

'Yan'uwa, a yawon da muke yi cikin ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan, mun lura da wani abu. Idan famfon burtsatse ya lalace, mata ne ke fara tara kuɗin gyara. Su ne ke riƙe da littafin adashi, su ne kuma ke raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma ranar da za a zaɓi wanda zai wakilci gunduma, sai a kira su dafa abinci da rangaɗa guɗa. Wata uwa a zumuntar mata ta tambaye mu ko an taɓa yin macen da ta tashi daga irin wannan aiki har ta kai majalisa. An yi, kuma ba da nisa ba.

Kafin mu zo kanta, sai mu tuna da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana yarinya, ta shugabanci matanta, aka ɗaure ta har sau 16. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta yi ta nema shi ne a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Ita kanta ba ta taɓa zama a majalisa ba. Asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, kuma da yawa cikinku sun kai marasa lafiya can.

Hajiya Saudatu Sani ta fara ne da koya wa mata da matasa sana'o'in hannu a jihar Kaduna. A 2003 mutanen Lere suka zaɓe ta a jam'iyyar PDP zuwa Majalisar Wakilai a Abuja, suka sake zaɓenta a 2007, ta zauna har 2011. A can ta shugabanci kwamitin harkokin mata. Bayan ta bar kujerar ta ci gaba da magana kan lafiyar mata masu juna biyu ta ƙungiyar Advocacy Nigeria.

To, mene ne amfanin shugabantar kwamiti? Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Ɗan majalisa ba shi da rumbun taki, ba shi ne ke gina hanya ba. Aikinsa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu suka kashe kuɗin. Idan aka kawo ƙudurin doka, ana karanta shi sau biyu a zauren majalisa, sa'an nan a miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti ne ke kiran jama'a su faɗi ra'ayinsu, ya gyara, ya mayar don karatu na uku. Daga nan sai ɗaya majalisar ta yarda, shugaban ƙasa ya sa hannu. Saboda haka wadda ta taɓa zama da matan karkara, ta san abin da ke hana su zuwa awo, idan ta riƙe kwamiti tana da tambayoyin da za ta yi wa minista waɗanda wani ba zai tuna da su ba.

Sai dai doka a Abuja ba ta isa ƙauye da kanta. An yi dokar kare hakkin yara ta tarayya a 2003, amma sai da aka kai 2018 kafin jihar Kaduna ta yi tata. Shekara 15 ke nan. Yarinyar da aka haifa a shekarar dokar farko ta riga ta isa a yi mata maganar aure kafin ta biyun ta zo. Wannan ya sa muke cewa kujerun nan 34 na Majalisar Dokokin Jiha sun fi kusa da rayuwarmu fiye da yadda muke ɗauka. A zaɓen 2019 mace ɗaya tak ta shiga cikinsu, wato Comfort Amwe daga Sanga.

A tarayya ma abin baya yake ja. A 2007 mata 9 suka shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 109. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'insa, 4 ne kawai, a Majalisar Wakilai kuma ba su kai 20 cikin 360 ba. A watan Maris na 2022 majalisun biyu suka ƙi ƙudurorin da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa.

Ina ake kayar da su? A ganinmu ba ranar babban zaɓe ba ne. Tsarin mulki ya ce ba mai tsayawa takara sai jam'iyya ta tsayar da shi, kuma a zaɓen fidda gwani ake yanke wannan. Manyan jam'iyyu sun sha rage wa mata kuɗin fom, amma fom ba shi ne babban kashe kuɗi ba. Ana shirya maganar a taron dare, a gidajen manya, lokacin da matar aure ba za ta fita ba tare da an yi ta da ita ba. Shugabannin jam'iyya na gunduma kuwa kusan duk maza ne, in ban da kujerar shugabar mata.

Sharuɗɗan kansu ba su da tsauri. Tun 2018 shekara 25 ta isa a tsaya takarar Majalisar Jiha ko ta Wakilai, tare da ilimi daidai da na sakandare da katin jam'iyya. Mu nan kujerun tarayya biyu suka shafe mu, ta Ikara da Kubau, da ta Maƙarfi da Kudan. Duk wadda ke da niyya, ko ƙungiyar da ke son tsayar da wata, sai ta fara da yin rajista a ofishin jam'iyya na gundumarta, ta kuma duba ko katin zaɓenta yana nan kuma sunanta na cikin rajistar rumfarta. Wadda ta yi aure ta koma wani gari tana iya neman INEC ta mayar mata da rajistar zuwa inda take zaune, a lokacin da hukumar ta buɗe aikin rajista.