Habitat for Humanity: gida ba kyauta ba, amma bashi mai sauƙin biya

Yau za mu leƙa Amurka, garin Americus na jihar Jojiya, inda aka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a 1976.

Millard Fuller, wanda ya kafa ta, ya tara dukiya tun bai kai shekara 30 ba. Neman kuɗi ya kusa kashe masa aure, sai shi da matarsa Linda suka rabar da abin da suka mallaka. A 1973 suka tafi Mbandaka, a Zayar, Kwango ta yanzu, suka yi shekara uku suna gina gidaje da talakawa.

Tsarin nasu ba sadaka ba ne. Mai neman gida shi ma yana aikin ginin tare da masu sa kai, kusan kamar gayya. Sannan ya biya kaɗan-kaɗan; a tsarin farko, ba riba, ba ruwa. Kuɗin da ya biya da su ake gina wa na gaba, don haka in ya yi jinkiri, wani iyali ne zai daɗe yana jira.

Sunan ƙungiyar ya bazu ne daga 1984, lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya ɗauki guduma ya shiga aikin gyaran wani gini a birnin New York.